Kurciya a Ƙafar Agwagwa

Ku samarin da ke zama a gindin dalbejiyar bakin kasuwa, na sha jin abin da kuke cewa idan na wuce da madubin hangen nesa a wuyana. Wai Baba Idi ya huta, shi dai aikinsa kallon tsuntsu. Wani a cikinku ma cewa ya yi ko da ido ɗaya zai iya, tunda tsuntsun ba zai tashi ya ƙaryata shi ba. Na yi dariya, domin maganar ta yi daɗi. Amma ranar da na ba mai maganar agwagwa guda ya riƙe mini, kafin in juya ta tsage masa hannu da farce, ta yi masa kashi a shadda, ta tafi abinta. Sai ku gyara zama in gaya muku yadda aikin yake.

Ni asalina masunci ne a madatsar Watari. Ina saurayi wani malamin jami'a mai suna Malam Lawan ya zo bakin ruwa yana neman wanda zai tuƙa shi a kwale-kwale. Na ɗauka maharbi ne, na leƙa jakarsa ban ga bindiga ba. Muna tsakiyar ruwa ya tambaye ni, wai agwagi iri nawa ne a nan? Na ce iri biyu ne, manya da ƙanana. Ya yi dariya har kwale-kwalen ya karkace, sannan ya miƙo mini madubinsa. A juye na kafa shi a ido, na ga agwagin sun koma can kusa da Shanono. Da ya gyara mini, sai ga su kamar in miƙa hannu in taɓa. A ranar na san na shekara da shekaru ina wuce abubuwa ban taɓa kallonsu ba.

Shi ya koya mini cewa kirinjijiya mai fito da dinya mai ƙaton jiki 'yan gida ne, a nan suke ƙwai a nan suke ƙyanƙyasa. Akwai kuma baƙi, wasu ƙananan agwagi masu ruwan ƙasa, da ke sauka bayan an yanke gero, su yi sanyi tare da mu, su ɓace idan zafi ya kama. Mu masunta cewa muke yi suna shiga ciyawa ne su ɓuya. Malam Lawan ya ce a'a, daga bayan hamada suke zuwa, daga bayan teku ma, daga ƙasashen da ruwa ke daskarewa har mutum ya taka a kai. Na ce masa to, don ina girmama shi, amma a raina na ce boko ya yi wa bawan Allahn nan yawa. Sai da muka kama wata da zobe a ƙafa, da rubutun da ko shi sai da ya juya shi ya sake juyawa kafin ya gane ƙasar, sannan na yarda.

Aikinmu ke nan: mu kama baƙin nan da rai, mu sa musu zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, mu sake su. Idan wani ya sake kama tsuntsun a wata ƙasa, lambar za ta nuna daga inda ya fito. Kayan aikin ba su da yawa. Akwai keji na waya mai baki irin na tarkon kifi, shiga da sauƙi fita da wuya. Akwai shanshera da ake barbaɗawa a ciki, domin ba sa iya wuce shinkafa. Akwai jakunkunan yadi da ake sa tsuntsu ya natsu, da ɗan sikeli, da zobba a jere a igiya, da filaya mai rami a baki wadda ke matse zoben. Wannan filayar ita ce aikin. Idan ka matse da yawa ƙafar ta kumbura ta ruɓe, idan ka bar shi sako-sako ya zame kan yatsu ya gurgunta tsuntsun. Sai zobe ya riƙa juyawa amma ba ya fita. Sanyin shekara guda cur Malam Lawan bai bar ni na taɓa ƙafar mai rai ba. A kan sillen kara nake ta matsawa, shi kuma yana juya karan yana cewa sake.

Akwai wata ƙa'ida tasa da ya dasa mini. Kafin ka saki tsuntsu sai ka karanta lambar zoben a fili, ka maimaita, don mai rubutawa ya ji da kyau. Abin ya zame mini jiki, har ko ni kaɗai ne a bakin ruwa sai ka ga bakina yana motsi a kan ƙafar tsuntsu.

Masu zuwa kallo kuwa na ga iri-iri. Ɗaliban kimiyya daga Dawakin Tofa sukan zo a mota, su yi ta hayaniya har su kore mini kome, amma kullum akwai ɗaya da zai yi shiru ya ƙi mayar da madubi, to don wannan ɗayan nake haƙuri da sauran. Akwai masu zuwa da fararen kaya da turare kamar za su ɗaurin aure, sai ka roƙe su su durƙusa a bayan ciyawar kacala suna kallon taɓo suna kallonka. Wani Alhaji ya taɓa zama a kwale-kwalena tun hantsi, ina ta nuna masa wannan daga can ta zo, waccan 'yar gida ce, yana ta cewa Allahu Akbar. Da za mu sauka sai ya rage murya ya ce, "To Malam Idi, wacce ta fi daɗi a miya?"

Lokacin da ya fi kyau a zo shi ne farkon bazara, sa'ad da ake yankan alkama. A lokacin toron baƙuwar agwagwa yake sake kaya. Duk sanyi ba ka bambanta shi da mace, amma idan tafiya ta matso sai wata farar gira ta fito masa daga saman ido har wuya, ya fara wani kuka kamar ana jan tsinke a kan haƙoran mataji. Idan ka ga girar nan ta yi fari tas, sun kusa. Wata safiya za ka zo ka tarar da ruwa fayau.

Kowace sana'a tana da muguwar shekararta. Tawa ba fari ba ce, ba ambaliya ba ce. Wata tsohuwa ce, Inna Hansai.

Inna Hansai tana da ɗa guda namiji, Sabi'u, manomin tumatir. A wani rani ya kafa injin ban ruwansa daidai inda nake sa keji, ƙarar ta kore agwagin. Na yi masa magana, ya mayar mini, muka ɗaga murya a gaban mutane. A cikin abin da na faɗa har da cewa ya matsa can gaba mana, ai ƙasa da faɗi. Aka ba mu haƙuri, kowa ya kama gabansa, ni har na manta.

A ƙarshen wannan ranin, Malam Lawan ya riga ya koma birni, na je cire keji na tarar da toro guda a ciki. Girarsa ta yi fari, fatar tafin ƙafarsa ta hagu a tsage take, tsohon rauni da ya warke. Na sa masa zobe, na karanta lamba yadda na saba, na ɗaga shi sama na sake shi. Ya yi arewa. Ashe Inna Hansai tana bayan kacala tana tsinkar ganye, ta ga kome.

Ba a yi mako ba Sabi'u ya sayar da injinsa ya bar gari, ko uwarsa bai yi wa sallama ba. Kowa ya san tsutsar nan da ake kira sharon ta cinye masa gona kaf, kuma kunya ta ishe shi. Wasu suka ce an gan shi a motar Agadas. Daga nan ba waya, ba saƙo.

Kun dai san abin da ake cewa kurciya. Idan ana son raba mutum da garinsu, sai a ɗaura laya a ƙafar tsuntsuwa, a ambaci sunansa, a sake ta, shi ma ya shiga duniya, ba zai dawo ba sai an kamo ta an kwance. To ku haɗa da kanku. Ga mutumin da ya ce wa Sabi'u ƙasa da faɗi. Ga shi an gan shi shi kaɗai a bakin ruwa yana ɗaura abu a ƙafar tsuntsu, bakinsa yana motsi. Ga tsuntsu ya yi arewa, ga yaro ya yi arewa. Wallahi da wani aka yi wa wannan lissafin, ni ma sai na ɗan yi tunani.

Damina ta ƙare maganar ta game gari. Na yi sallama a majalisa a amsa a ciki-ciki. Mai sayar mini da shanshera ya ce ta ƙare, ga buhuna ina gani a bayansa. Wata safiya na tarar an tattake kejina guda. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin a garin nan aka yanke mini cibiya.

Da baƙi suka fara sauka, mai unguwa ya tara mu a zaurensa. Malam Lawan ya zo takanas don ya wanke ni. Ya buɗe taswira, ya nuna hanyar da tsuntsayen ke bi, ya ce da zoben nan ne ake sanin duk inda suka je. Wani dattijo a gefe ya ce, "To kun ji da bakinsu. Sun san inda suke aika su." Malam Lawan ya naɗe taswirarsa ya zauna.

Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Liman ya goyi bayana, ya ce zato zunubi ne, kuma ba mai raba bawa da gida sai da ikon Allah. Inna Hansai tana zaune a bakin ƙofa, ta ce, "Ni ba rantsuwa na zo nema ba, Malam. Rantsuwa ba za ta yi mini sallama da safe ba. Idi ya kamo tsuntsun nan, ya kwance abin da ya ɗaura a gabana. Shi ke nan."

Na ce, "Inna, tsuntsun nan ya tsallake hamada. Ko yana da rai, ba lallai ya dawo wannan ruwan ba. A cikin waɗanda muke sa wa zobe, ɗai-ɗai ne muke sake gani."

Ta ce, "Kai ka aike shi, kai ka san yadda za ka kira shi."

Mai unguwa ya yanke hukunci. Ya ce ya ba ni daga yanzu zuwa ranar da baƙin za su tashi. Idan ban kamo shi ba, in kwashe kejina daga ruwan garin nan, don a zauna lafiya. Na ce ranka ya daɗe, na ji. Na fito na san dai sana'ata ta ƙare, sai wani ikon Allah.

Washegari bayan sallar asuba na isa bakin ruwa, sai ga Inna Hansai da tabarmarta da carbinta. Ta ce ta zo ne kada in kamo wani in yi mata wayo. Haka ta riƙa zuwa kullum. Duk wanda na ciro daga keji sai na kawo mata ta duba ƙafarsa. Na gaya mata alamar wanda take nema, wato zobe a dama da tsagaggen tafi a hagu. Da farko ba ta ce mini uffan, ko gaisuwa a taƙaice take amsawa.

Wata rana ina auna wata a sikeli, sai na ji ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Wannan 'yar abar ce za ta tsallake hamadar?"

Na ce ita ce, Inna.

"Me take ci a hanya?"

Na ce kitsen da take tarawa a nan, da shinkafarmu. Na kama yatsanta na ɗora a ƙirjin agwagwar ta ji taushin. Ta janye hannu da sauri, ta goge a zane, amma daga ranar bakinta ya buɗe. Wa ke nuna musu hanya? Na ce Malam Lawan ya ce da rana da taurari suke tafiya, amma shi ma bai gama sani ba. Suna sauka su sha ruwa? A ina? Idan ɗaya ta gaji sauran suna jiranta? Na ce ba sa jira. Ta daɗe tana jan carbi bayan wannan amsar. Rannan kuma ta tambaye ni ko 'ya'yan tare da uwarsu suke zuwa. Na ce a'a, an ce su kaɗai suke nemo hanya, ba wanda ya taɓa nuna musu. Ta ce, "Ikon Allah. Kuma su iso."

Yawancin tambayoyinta ba ni da amsarsu. Na shekara da shekaru a aikin, ban taɓa tunanin inda agwagwa ke kwana a tsakiyar rairayi ba, sai da tsohuwar da ke zargina da sihiri ta tambaye ni. Har na fara ajiye tambayoyin ina jiran Malam Lawan.

Madubin kuwa ƙin taɓa shi ta yi da daɗewa, wai kayan aikina ne. Ranar da ta karɓa, sai da ta yi bismillah ta tofa masa. Ta kafa, ta yi salati, ta sauke ta dubi ruwan da idonta, ta sake kafawa. Kafin sanyi ya fita ta iya ware baƙi daga 'yan gida fiye da wasu ɗaliban. Masu zuwa da danƙo su harbi agwagi kuwa sun sha zagi a wurinta. Amma kada ku ɗauka ta yafe mini. Kowace rana idan za ta naɗe tabarma sai ta ce, "Yau ma ba ka kamo shi ba."

Aka fara yankan alkama. Girar toraye ta fara fari, kukan mataji ya cika ruwa. Garken ya riƙa raguwa, yau ka ga gefen nan ya yi sauƙi, gobe wancan. Na ji tsoro sosai, har abinci ya daina yi mini daɗi. Na fara tunanin inda na ajiye tsohuwar komata ta kamun kifi.

Ita ta fara hango toron. Wani hantsi tana riƙe da madubi, sai ta ce a hankali, "Idi, wancan na kan tudun yashi, mai sosa kai. Akwai ƙarfe a ƙafarsa." Na karɓa na duba. Toro ne, ya ɗaga ƙafar dama yana sosa wuya, zobe yana ƙyalli a rana. Ƙafar hagun tana cikin ruwa. Na ce mata kada ta sa rai, zai iya zama na wata ƙasa ne, ko wani daga cikin namu na bana.

A nan ne aikin yake, ku masu cewa kallo ne kawai. Tsuntsun da ya taɓa shiga keji ba ya mantawa. Na ɗauke kejin na kai kusa da tudun, na bar bayansa a buɗe yadda duk wanda ya shiga zai fita. Na riƙa zuba shanshera daga nesa, kullum ina matso da ita. Sauran suna shiga suna fita suna ci, shi kuwa sai ya tsaya a gefe ya karkata kai. Ga garke yana ta raguwa. Inna ta ce in rufe mana. Na ce idan na rufe ya ga an kama 'yan uwansa, mun rasa shi ke nan. Sai da na gan shi da idona ya shiga ya fita, ya sake shiga washegari, sannan na ɗaure bayan kejin da yamma na tafi gida.

Da gari ya waye na shiga ruwa har ƙugu. Akwai agwagi kaɗan a ciki, na riƙa ciro su ina saki. Na ƙarshe ya maƙale a lungu. Na kamo shi, na haɗe fikafikansa a jikinsa, na juya shi. Zoben namu ne, ya dushe. Na buɗe tafin hagu, ga tsagar nan.

Na fito da shi na durƙusa a gaban tabarmarta. Ta duba dama, ta duba hagu, ta shafa tsagar da babban yatsa. Na ciro filaya, na sa bakinta a gaɓar zoben zan buɗe.

Ta riƙe mini hannu. "Tsaya tukuna. Wannan shi ne na bara?"

"Shi ne, Inna."

"Ya je can ɗin? Bayan hamadar?"

"Ya je. Ba sa yin damina a nan."

"Kuma ya dawo nan. Wannan ruwan. Duk ruwan da ke duniya."

Na ce ga shi a hannunki.

Tana kallonsa, shi ma yana kallonta da ɗan idonsa. Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. Na ce, "Inna, wallahi ban ɗaura Sabi'u a jikin kome ba. Amma ki bari in cire, hankalinki ya kwanta."

Ta ce, "Mayar da ƙarfenka aljihu. In ma ka ɗaura shi, to a kan wanda ya san hanyar gida ka ɗaura. Idan ka kwance, wa Sabi'u zai biyo?"

Ta miƙo hannu biyu, na nuna mata yadda za ta riƙe. Ta kai bakinta kusa da kansa ta yi magana, ban ji ba, ban kuma tambaya ba. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga shi sama ta buɗe hannu. Ta bi shi da kallo har ya shige cikin sauran.

Da kanta ta je zauren mai unguwa ta ce a bar Idi da kejinsa. Baƙin suka tashi a makon, ruwa ya yi fayau. Damina ta zo ta wuce, ba labarin Sabi'u. Ranar da aka gama yankan gero na sauka bakin ruwa da sassafe in ga ko sun fara isowa, sai na tarar ta riga ni. Tana zaune a kan tabarmarta ta fuskanci arewa, ko juyowa ba ta yi ba ta miƙo hannu in ba ta madubi.